Mazaunin tukunyar fure da injin CNC: me ya sa gurbin ya ƙi zama daidai?

«Assalamu alaikum Maigida. Ni kafinta ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi, shekara shida ke nan da na buɗe wurina. Wata hajiya ta nuna mini hoton mazaunin tukunyar fure a wayarta, katako biyu ne masu ƙafafu da ake sarƙa su su yi gicciye, ba ƙusa ba gam, ta ce tana son guda goma. Wani abokina yana da injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, faɗinsa santimita 60, tsawonsa 90. Na farko mun yanka shi a falankin farin katako, gurbin ya ƙi shiga, da na sa guduma sai ya dare. Na biyu mun sake haƙorin injin muka yanka a kwantarfilake (allon fallayen katako da aka manne da gam), ya shiga amma yana rawa, kuma bakin yankan duk ya ƙone. Laifin inji ne ko na katako? Wane katako kuke ba ni shawara in ɗauka, kuma idan kasuwar ta buɗe, in sayi injin kaina?»

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka, kana so ka san dalilin da ya sa zane ɗaya ya ba ka sakamako biyu masu saɓa wa juna, wane katako ne zai jure zama ƙarƙashin tukunyar da ake ba ruwa kullum, sannan ko aikin ya kai a zuba masa jari. Ban ga injin abokinka da idona ba, saboda haka lambobin da zan ba ka mafari ne da za ka gwada ka daidaita, amma duk abin da ka bayyana na taɓa gamuwa da shi a wurin aikina, kuma a ganina babu ko ɗaya da ke nuna cewa injin yana da matsala.

Yana da kyau ka fara sanin halin abin da kake aiki da shi. Injin da ake kira CNC tsohuwar dabara ce, domin tun 1952 aka nuna irinsa na farko a jami'ar MIT ta Amurka, don yankan ƙarfe. Abin da ya sauya a ƴan shekarun nan shi ne araharsa, musamman tun da masana'antun birnin Jinan na ƙasar Sin suka cika duniya da shi. Aikinsa kuwa mataki uku ne. Ana zana siffar abin a kwamfuta, sai wata manhaja kamar VCarve ko Fusion 360 ta mayar da zanen hanyar da haƙori zai bi, ta rubuta ta cikin umarnin da ake kira G-code, sannan injin ya bi umarnin layi bayan layi, dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Ba ya ganin katakon, ba ya jin ya yi tauri ko ya yi laushi, bai san kaurinsa ba sai abin da aka gaya masa. Kai da ka saba da zarto da cizal, hannunka yana gyara kuskure tun kafin ka lura da shi: ka gwada, ka rage kaɗan, ka sake gwadawa. Injin ba ya yin wannan, don haka duk gwajin da ka saba yi a tsakiyar aiki dole ka dawo da shi farko, kafin a kunna.

Abin da ya dare na farko

Dalilai uku nake zargi, kuma mai yiwuwa duka ukun sun haɗu. Na farko shi ne kauri. Katakon da ake sayarwa da sunan milimita 18 ko 20 da wuya ya cika hakan daidai, kwantarfilake yakan zo 17 da ɗan wani abu, falankin da aka fere da hannu kuma wani gefensa yakan fi wani kauri. Idan zanen da kuka samu an yi shi don wani kauri dabam, gurbin zai fito bisa zanen, ba bisa katakonku ba. Mitar awo ta aljihu ba ta isa nan ba. Ka nemi ma'aunin kauri mai baki biyu irin na masu gyaran injin mota, wanda suke kira piye-a-kulis, ka auna katakon a wurare huɗu ko biyar, musamman daidai inda gurbin zai kama.

Na biyu shi ne wanda ya fi kama sababbin shiga, kuma ni ma ya kama ni. Haƙorin injin zagayayye ne, abu zagayayye kuwa ba ya iya fitar da lungu mai kaifi daga ciki. Haƙori mai faɗin milimita 6 zai bar lanƙwasa ta milimita 3 a kowane lungu na ƙasan gurbi. A ido gurbin ya yi kyau, amma idan ka zura ɗayan katakon, kusurwoyinsa masu kaifi za su tokare a kan wannan lanƙwasa tun bai kai ƙasa ba. Gudumar da ka sa ta mayar da shi kamar tsinken fasa itace, ya buɗa gurbin da ƙarfi. Maganinsa iri biyu ne: ko ka bi lungunan da cizal bayan an gama yanka, aikin minti biyu a hannun kafinta, ko kuma a sa wa zanen ɗan zagaye a kowane lungu yadda haƙorin zai ɗan shige ciki ya share shi. Masu wannan sana'a suna kiran siffar da sunan ƙashin kare, saboda gurbin yakan fito da kawuna biyu kamar ƙashi, kuma manhajoji da yawa suna da maɓallin yin sa. Wasu ba sa son ganin waɗannan ƴan ramuka, amma a mazaunin tukunya suna ɓoye ƙarƙashin tukunyar, kuma suna da wani amfani: tsagewa ta fi saurin farawa daga lungu mai kaifi fiye da zagayayye.

Na uku ya fi sauran nauyi, domin ko an gyara biyun farko shi zai rage. Siffar da hajiya ta nuna maka ƙafafu biyu ne a tsaye da gada a tsakaninsu a kwance. Idan ka yanke ta gaba ɗaya daga falanki guda, jijiyar katakon za ta bi tsawon ƙafafu, ke nan a gadar ta zama gajera, a gicciye, kuma daidai nan ne aka yanke rabinta don gurbi, nan ne kuma nauyi zai sauka. Idan ka juya falankin don gadar ta yi ƙarfi, ƙafafun ne za su raunana. Ba yadda za ka juya shi ka tsira. Kada kuma ka raina nauyin: tukunya mai faɗin santimita 30 tana cin ƙasa wajen lita 15 zuwa 20, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa kowace lita ta haura kilo ɗaya da rabi, idan ka haɗa da tukunyar yumɓun kanta ka doshi kilo 30. Ko da bai dare a hannunka ba, da ya dare a gidan hajiya, kuma gara da ya yi a gabanka.

Rawa da ƙuna

Ka ce kun sake haƙori kafin na biyu, kuma a nan nake ganin bakin zaren yake. Mu a Maraɗi kayan aikinmu daga hanya biyu suke zuwa. Akwai masu awon milimita, akwai kuma waɗanda ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa daga Katsina da Kano, da yawansu masu awon inci. Haƙorin kwata na inci faɗinsa milimita 6.35 ne, ba 6 ba, kuma a ido ba ka bambanta su. Idan an gaya wa manhaja cewa haƙorin 6 ne alhali 6.35 ne, kowane gurbi zai ƙaru da milimita 0.35, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa haɗin ya yi rawa, balle a ce kwantarfilaken ma bai cika kaurinsa ba. Haka kuma akwai haɗari idan aka cusa haƙorin wani awo cikin mariƙin da ba nasa ba, domin yana iya zamewa ana cikin aiki. Ku auna haƙorin, sannan ku duba abu na biyu a manhajar: ga kowane layi ana zaɓar ko haƙori ya bi ta cikinsa, ko ta wajensa, ko a kansa. Gurbi da ake so ya riƙe wani abu, haƙori yana bin ɓangaren da za a zubar ne, ya bar layin.

Hanyar da na daɗe ina bi ita ce kada in taɓa babban katako sai na yi gwaji a guntu. Idan ma'auni ya nuna mini 17.4, sai in yanka gurabe biyar a jere a wani ragowar wannan katakon, daga 17.3 zuwa 17.7, in rubuta lambar kowanne da fensir, in zura wani guntun in ji. Wanda ya shiga da turin tafin hannu, kuma bai faɗo ba idan aka ɗaga, shi ne nawa. Yawanci yakan kasance ƙarin milimita 0.1 ko 0.2 a kan kaurin. Ka tuna fenti da banish suna ƙara kauri, saboda haka ko ka bar musu wuri, ko ka hana su shiga cikin gurbin da yawa. Duk lokacin da ka sayo sabon kwantarfilake sai ka sake gwajin, ko da a shago ɗaya ka saye shi.

Ƙunar kuwa mutane da yawa suna fahimtarta a juye. Idan suka ga baƙi sai su rage tafiyar injin, suna ganin suna tausaya masa, alhali jinkirin ne ke kawo ƙunar. Haƙori yana juyawa wajen sau 18,000 a minti, idan bai samu sabon nama da zai gutsura ba sai ya yi ta gugar wuri ɗaya, zafi ya taru, katako ya ƙone, haƙorin ya dakushe. Ɓarɓashin da ke fita shi ne ke tafiya da zafin. Lissafin mai sauƙi ne: yawan juyi, sau yawan kaifin haƙori, sau kaurin abin da kowane kaifi zai gutsura. Haƙori mai kaifi biyu a juyi 18,000, idan kowane kaifi zai ci milimita 0.05, tafiyar za ta zama milimita 1,800 a minti. A inji irin na abokinka zan fara daga nan, da zurfin milimita 3 a kowane zagaye, wato zagaye shida kafin a huda katakon. Idan abin da ke fita gari ne kamar na tuwo, ƙara tafiya ko rage juyi. Idan injin yana kuka yana karkarwa, rage zurfi. Gam ɗin da ke cikin kwantarfilake yana cin kaifi da sauri, don haka haƙorin da ya riga ya yi baƙi kada ka sa rai da shi.

Akwai kuma zaɓin irin haƙorin. Mai jan ɓarɓashi sama yana share rami da kyau amma yana tsattsage fuskar kwantarfilake ta sama. Mai tura shi ƙasa yana barin fuska sumul, sai dai yana danne gari cikin rami, kuma idan aka nutsa shi kai tsaye kamar mahudi yana iya tayar da wuta. Ni nakan yi zagayen farko da mai turawa ƙasa, in ƙarasa da mai ja sama. Sannan a bar ƴan gadoji huɗu ko shida a zanen, wato ƴan wuraren da haƙori ba zai yanke gaba ɗaya ba, da za su riƙe abin da ake yankewa, don kada ya kuɓuce a zagayen ƙarshe haƙori ya cafke shi.

Katakon da zai jure Maraɗi

Ga wannan siffa ta gicciye, kwantarfilake mai kaurin 18 shi ne amsa, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira filawud, domin an jera fallayensa kowanne jijiyarsa tana gicciye da ta na kusa da shi, ƙarfinsa ya bazu ta kowane ɓangare. Amma ba kowanne ba. Ka duba bakinsa: ka ƙirga fallayen, ka ga ko akwai ramuka a tsakani, ka kuma lura da launin gam. Wanda aka yi don waje layin gam ɗinsa duhu ne kuma yana jure ruwa, na cikin ɗaki kuwa damina ɗaya ta isa ta ɓamɓare shi. Allon MDF, wato na garin katako da aka matse da gam, yana yankuwa da daɗi a inji, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi, bai da wurin zama ƙarƙashin tukunya.

Idan hajiya ta nace sai katako na gaske, to a sauya ginin: ƙafafu huɗu dabam, gadoji biyu dabam, kowanne jijiyarsa tana bin tsawonsa, a haɗa da hanci da rami da gam, injin ya yanka ramukan. Farin katako irin samba yana da laushi da araha, amma gara da ƙwaron da ke huda shi yana zubar da gari suna son sa. Malaina ta fi shi zama lafiya, iroko da tik kuma sun fi jure ruwa da gara. Maɗaci yana da kyau ƙwarai idan ya bushe sosai. Ban ba ka shawarar neman gawo ko ƙirya daga daji ba. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma yankinmu ne aka san shi a duniya da renon itatuwan gona tun shekarun 1980, bai dace kafinta ya zama mai warware wannan aiki saboda mazaunin fure ba.

Katako na gaske yana numfashi da yanayi, kuma yanayinmu yana da tsanani ta ɓangarori biyu. A hunturu iska takan bushe har danshin cikin katako ya sauka wajen kashi 5 cikin ɗari, a watan Agusta kuma ya haura 12. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya motsawa da milimita uku zuwa shida tsakanin lokutan biyu, a faɗi, ba a tsawo ba. Katakon da ya taho daga kudu yana zuwa da danshinsa, idan ka yanka shi ranar da ya sauka daga mota haɗin da ya matse yau zai saki kafin wata biyu. Ka jera shi a inuwa da ƴan sanduna a tsakani, ya sha iskar garin makonni kafin ka taɓa shi.

Game da awo, ka fara da tukunyar, ba da hoton waya ba. Tukwanen yumɓu na hannu, ko na Mirya ne ko na nan kusa, ba sa cika zagaye daidai, saboda haka ka auna kowace a inda ta fi faɗi ka ƙara santimita ɗaya. Ga tukunyar 30, nakan sa tazarar 31 tsakanin ƙafafu, faɗin ƙafa 4.5, tsayin duka 45, gada mai zurfin 8 da gurbi mai zurfin 4. Haka kowane ɓangare zai zama 40 da 45, kuma biyun za su kwanta tare a teburin abokinka idan ka jera su ta gefen 40. Kada tsayi ya zarce faɗin gindi da yawa, kuma idan ka ɗan buɗa ƙafafun ta ƙasa ya fi, domin iskar da ke gabatar hadari, da yara, da jajayen awakinmu da ba sa ganin ɗanyen ganye su wuce, duk za su jarraba shi. Idan a tsakar gida za a ajiye, inda daɓen bai daidaita ba, ka tuna da gwafa mai rassa uku da iyayenmu ke ɗora tulu a kai: ƙafa uku ba ta rawa a kowace irin ƙasa. Faifai zagayayye mai gurabe uku da ƙafafu uku abu ne da injin ke yi cikin sauƙi.

Bayan yanka, ka goge da sanfefa, ka shafe bakin kwantarfilake da banish sau uku domin ta nan ruwa ke shiga, ka manna guntun robar tsohuwar taya a ƙarƙashin kowace ƙafa, ka kuma roƙi hajiya ta sa faranti ƙarƙashin tukunya. Ko da an ce ba gam, ni ina sa sukuru ɗaya ta ƙasan gicciyen.

Wuta, ƙura, da batun saye

Wata rana ina tsakiyar yankan ƙofa aka ɗauke wuta, injin ya manta inda yake, da na kunna na ci gaba sai ya bi ta gefe ya lalata katakon duka. Tun daga ranar nake huda ɗan rami a allon shimfiɗa, wato wanda ake ɗora katakon aiki a kansa, daidai inda na sa mafarin awo, don in iya komawa wurin. Idan za ku sa batirin riƙe wuta, ku kula kada ya riƙe masu tura haƙori alhali mai juya shi ya tsaya, domin nan take haƙorin zai karye. Haɗa wayar ƙasa da daidaita ƙarfin wuta ba fannina ba ne, ku kira mai aikin lantarki ya yi muku. Ƙurar katako kuma ba abin wasa ba ce, tun 1995 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar, ta iroko kuma tana sa ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. Takunkumi, tabarau da abin toshe kunne wajibi ne, kuma kada a bar inji yana aiki a tafi salla ko cin abinci, a dakatar da shi tukuna.

Saye kuwa, ra'ayina shi ne kada ka saya yanzu. Ƙaramin injin da ake kira 3018, wanda kuɗinsa ke jan hankali, filin aikinsa santimita 30 ne da 18, ko ɓangare ɗaya na mazaunin nan ba zai ɗauka ba. Babba mai lamba 1325, wanda ke cin cikakken kwantarfilake na 122 da 244, yana buƙatar ɗaki, da wuta tsayayya, da mai zuƙe ƙura, da aikin da zai ciyar da shi kowace rana, guda goma kuwa ba su kai ba. Ka biya abokinka kuɗin lokacin injinsa ka yi wa hajiya nata, kana rubuta mintocin da kowanne ya ci da haƙoran da suka mutu, domin da wannan ne za ka san ainihin kuɗin aikin. Ka kuma sa ya yanka maka samfuri ɗaya mai kyau ka rataye a bango, wanda za ka riƙa ɗorawa kana fitar da wasu da injin hannu mai haƙorin da ke bin gefen samfuri. Abin da za ka riƙa komawa wurinsa dominsa shi ne wanda hannu ke jinkiri a kai, kamar zana dagi ko kuros ɗin Agadas a jikin ƙafa da haƙori mai tsini na digiri 60 ko 90. A halin yanzu lokacin da kake da shi ka zuba shi a koyon zane da manhaja, ko da Inkscape ko FreeCAD ne waɗanda ake samu kyauta. Idan kun yi gwajin gurabe biyar ɗin, ka aiko mini da lambar da ta kama da faɗin haƙorin da kuka auna, sai mu daidaita zanen goman tare.